Wace tsirkiya zan sa wa bayolin ɗina ya daina tsiwa?

Salam ƙanena. Na karanta tambayarka, ka ce bara ka sayi bayolin, gogen Turawan nan, ɗan Chana kana koyo a Kaduna, muryarsa kaifi gare ta har mutanen gida sun fara tura ka zaure in za ka yi atisaye, kuma wani ya ce maka ka nemi tsirkiyar hanji irin su Eudoxa, wai ita ce ke ba da murya mai taushi. To tsaya tukuna kar ka tura kuɗin nan. Mutumin bai yi maka ƙarya ba, amma ina kyautata zaton bai taɓa riƙe tsirkiyar hanji a watan Janairu a arewa ba.

Bari mu fara gane me muke nema. Abin da Turawa ke ce wa murya mai ɗumi, mu da kunnenmu za mu ce mai kauri, mai maiƙo, wadda ba ta soka kunne, irin wadda kake ji a waƙoƙin Sudan in masu bayolin ɗin nan sun ja gaba ɗaya ka ji kamar ana zuba zuma. Duk sautin da tsirkiya ta fitar ba shi kaɗai yake fita ba, akwai uwar sautin sannan akwai 'ya'yanta a sama suna binta, misali tsirkiyar A, ɗaya daga cikin huɗun nan da ake kira G da D da A da E, tana kaɗawa sau 440 a daƙiƙa ɗaya amma a lokaci guda akwai 880 da 1320 da sauransu har can sama, to in na ƙasan sun fi ƙarfi sai ka ji kauri, in na can saman ne suka yi yawa, musamman wajen dubu biyu zuwa dubu huɗu inda kunnen ɗan Adam ya fi ji, shi ne za ka ji tsiwar nan da ke sa haƙori tsami. Ka gwada wani abu yau: ɗauki ɗan maƙalin nan na shanya kaya ka maƙala a saman jakin bayolin, wato katakon nan siriri da tsirkiyoyi ke hawa kai, kamar dai jakin goge ko na molo, sai ka ja. Za ka ji tsiwar ta tafi amma muryar ma ta shaƙe kamar mai mura. Wannan shaƙewa ce, ba ita muke nema ba, kuma mutane da yawa suna rikita su biyun, su sayi tsirkiyar da ta kashe musu bayolin su ce ai ya yi taushi.

Tsirkiya iri uku ce in ka duba abin da ke cikinta, don wanda kake gani a waje yawanci naɗi ne kawai na alminiyam ko azurfa ko wani ƙarfen. Akwai ta ƙarfe, akwai ta hanji, akwai ta nailan da danginsa.

Na kusa rantsewa wadda ke kan naka ta ƙarfe ce, kuma mafi arha, don haka irin waɗannan bayolin ɗin ke fitowa daga kamfani. Wayar ƙarfe siririya ce, tana amsawa da sauri, ba ruwanta da zafi ko sanyi, za ta shekara ba ta tsinke ba, shi yasa ake sa wa yara. Amma muryarta a miƙe take ba lanƙwasa, ga kaifi. Rabin matsalarka daga nan take. Ba duk ta ƙarfe ce haka ba fa, Helicore ta D'Addario ƙananan wayoyi ne aka murɗe kamar igiya, ta fi laushi nesa ba kusa ba, amma dai ba ita zan ce ka saya ba.

Ta hanji kuwa ita ce ta asali. Hanjin tumaki ake wankewa a murɗe a busar, duk da sunan da Turawa suka ba ta yana nuna kamar na kyanwa ne, babu kyanwa a ciki. Da ita aka yi ta kiɗa shekaru ɗaruruwa, ko tsirkiyar E ta ƙarfe sai wajen lokacin yaƙin duniya na farko ta zama gama-gari. Kamfanin Pirastro na garin Offenbach a Jamus tun 1798 suke wannan sana'a, su ke yin Eudoxa da Oliv, kuma wallahi in ka ji Eudoxa a kan bayolin mai kyau a ɗaki mai ɗan danshi sai ka ji kamar mutum ne ke magana ƙasa-ƙasa. Shahararren mai bayolin Jascha Heifetz da hanji ya yi ta kiɗa a G da D da A, E ɗinsa ce kawai ƙarfe. Don haka ba na musun daɗinta.

Matsalar ita ce hanji nama ne, yana shan ruwa yana amayarwa. Ni na yi wannan kuskuren da kuɗina. Wata shekara na tara kuɗi aka kawo min saiti ɗaya na hanji daga waje, na ɗaura a ƙarshen damina, sati uku ina jin kaina kamar sarki, sai hunturu ya shigo. Ka san yadda iskar nan take, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, danshin iska ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari alhali bayolin ya fi son 40 zuwa 60. Sai na wayi gari kowane minti goma sai na tsaya na gyara sauti, in tafin hannuna ya ɗan yi gumi ta sauka, in na ajiye ta bushe ta canza, sannan wata safiya na ja G sai na ji zzzz kamar ƙuda ya shiga ciki, na duba ko'ina, na ƙwanƙwasa gefe-gefe ko gam ne ya saki, ashe hanjin da ke ciki ne ya tsuke ya bar naɗin azurfar yana lilo a kansa. Shikenan, tsirkiyar da ta fi kowace tsada a saitin ta tashi aiki. Akwai Passione, ita ma ta Pirastro ce, hanji ce amma an yi mata dabara ta fi zama wuri ɗaya, sai dai kuɗinta zai iya kamo kuɗin bayolin ɗinka gaba ɗaya, kuma mai koyo da kunnensa bai gama nuna ba bai kamata ya haɗa wahalar koyon yatsa da wahalar tsirkiya mai yawo ba. Ba za ka san ko kai ne ka kauce ko ita ce ba.

Saura ta nailan, kuma nan ne amsarka take. A 1970 kamfanin Thomastik-Infeld na Biyana a Ostiriya suka fito da Dominant, cikinta zaruruwan nailan ne, tana kwaikwayon laushin hanji amma ba ta damu da yanayi sosai ba, sai ta zama kamar ma'auni, manya irin su Itzhak Perlman sun daɗe suna amfani da ita, har yau in mai gyara yana so ya ji asalin muryar bayolin yakan ɗaura Dominant ya saurara. Ita a tsakiya take, ba kaifi sosai ba kauri sosai. Abu ɗaya da za ka sani, in sabuwa ce tana da wani ƙarfe-ƙarfe a murya na kwana uku zuwa sati, mutane da yawa sun cire ta ranar farko suna zagi, alhali haƙuri kawai take so.

In kana son abin da ya fi Dominant kauri to ga waɗanda na taɓa da hannuna. Obligato ta Pirastro ita ce kowa zai fara ambata maka kuma da gaskiyarsu, ita ta fi kusa da Eudoxa a cikin na roba, G da D ɗinta akwai duhu mai daɗi, tana rufa wa bayolin mai tsiwa asiri sosai, illarta tsada, sannan in bayolin ɗin dama can muryarsa a dushe take sai ta ƙara binne shi. Ƙanwarta Violino ba a cika maganarta ba amma ni ina sonta wa masu koyo, ba ta da ja da yawa, tana da laushi a ƙarƙashin yatsa, kuma kamar don sababbin bayolin masu ƙara aka yi ta. Pro-Arte ta D'Addario ko rabin kuɗin Obligato ba ta kai ba, muryarta a kwance take ba hayaniya, ba za ta cika babban zaure ba amma kai yanzu ba zaure kake nema ka cika ba, so kake a bar ka ka dawo cikin gida. Warchal na ƙasar Sulobakiya suna da Karneol mai sauƙin kuɗi da Amber da ta ɗara ta, duka biyun ɓangaren taushi suke. Akwai Tzigane ta Larsen daga Denmak, akwai Kaplan Amo, akwai Infeld Red. Ka lura da sunayen nan da kyau don suna da tagwaye: Amo ce mai kauri Vivo mai haske, Red ce mai kauri Blue mai haske, kar mai shago ya ce maka ai duk ɗaya ne.

Wadda zan ce ka guje mata a yanzu ita ce Evah Pirazzi, mai koren kwali. Tsirkiya ce mai kyau ƙwarai, ƙwararru na sonta don tana da ƙarfi tana ratsa taron makaɗa, amma a kan bayolin mai tsiwa kamar ka ƙara wa yaji barkono ne. Mutane na ganin ta fi tsada sai su ɗauka ta fi dacewa.

Abin da nake so ka riƙe shi ne tsirkiya ba ta da murya ita kaɗai, da katakon take haɗuwa. Saiti ɗaya a bayolin biyu murya biyu zai ba ka. Ina da ɗalibai biyu da suka sa Obligato wata ɗaya, na ɗaya ya zama kamar an canza masa kaya, na ɗayar kuma ya koma kamar ana kiɗa a cikin randa, dole muka mayar mata da Tonica mai ɗan haske sannan ya buɗe. Shi yasa duk wanda ya ce maka wannan ce ta fi kowace ba tare da ya ji naka ba, nasa yake ba ka labari.

Sai maganar ja. Tsirkiyoyin nan huɗu in an ɗaure su daidai suna jan abin da ya haura kilo 20, kuma wani kaso na wannan nauyin yana danna jaki a kan fuskar bayolin. Yawancin saiti suna zuwa kala uku, mai sauƙi da matsakaici da mai ƙarfi. Mutane na ɗauka mai ƙarfi ita ke ba da kauri, a wani bayolin haka ne, amma a irin naka sau da yawa danne shi take ya kasa numfashi sai ƙara kawai. Sayi matsakaici. Kuma in kana son ka ji yadda sassauci ke canza murya kyauta, ka san Larabawa da yawa ba sa ɗaure nasu G D A E kamar na Turai, suna sauke biyun saman su koma G D G D, wannan na cikin abin da ke ba kiɗansu laushin nan. Sauke A da E ɗinka haka na minti biyar ka ja ka ji, sannan ka mayar.

Yanzu E. Kusan kowane saiti ka saya, ko na hanji ne, E ɗinsa ƙarfe ce, kuma ita ce uwar tsiwa, sannan abin mamaki canza ta kaɗai yana taɓa muryar sauran ukun don duk jaki ɗaya suke hawa. Ita ce kuma mafi arha, don haka daga nan ake fara gwaji. Goldbrokat mai kaurin milimita 0.26 kuɗinta kaɗan ne kuma manya na sa ta, Pirastro Gold ma tsohuwar abokiyar Dominant ce, mutane da yawa haka suke haɗawa. Mai ruwan zinare tana da zaƙi amma tana yawan yin fito, wato ka tsallako daga A zuwa E sai ka ji fiii babu sauti, ga gumi na cinye ruwan zinaren. In fiton ya dame ka akwai E mai naɗi ta Kaplan da aka yi don hakan, akwai ta Amber da ke zuwa da ɗan murɗi kamar sifirin wanda ke miƙewa in an ɗaure. Kafin ka yi oda ka leƙa ka ga ƙarshen E ɗinka ƙwallo ne ko zobe, don ba kowane maƙali ke karɓar duka biyun ba, na ga wanda ya jira kaya wata guda ya zo bai shiga ba.

A wajen D in an ba ka zaɓi tsakanin alminiyam da azurfa, musamman in kai mai gumin hannu ne, ɗauki azurfa. Gumi na cin alminiyam, za ka ga A ta fara yin baƙi tana warwarewa daidai inda yatsa ke yawan sauka.

Amma tsakani da Allah, kafin duk wannan, akwai abin da ya fi tsirkiya. Leƙa ta ramin nan mai kama da harafin f na ɓangaren E, za ka hango wani ɗan turke siriri a tsaye tsakanin fuska da baya, ba gam a jikinsa, matsi ne kawai ya riƙe shi. Faransawa da Italiyawa rai suke ce masa. In ya matsu da yawa ko ya goce ko da milimita ɗaya ne, muryar ta canza, kuma da hunturu katako na tsukewa sai turken ya ƙara matsewa, shi yasa za ka ga bayolin ya fi tsiwa daga Disamba zuwa Fabrairu sannan ya sauko da kansa in ruwa ya zuba. In ka lura naka haka yake yi, to ba tsirkiya ce ta farko ba, danshi ne. Sami ɗan soso ka jiƙa ka matse sosai, ka sa a robar sabulu mai huji-huji ka ajiye cikin akwatin, kar ya taɓa katakon, kuma ka daina barin sa a mota ko jikin taga. Turken kuwa kar ka taɓa da kanka, ko a kai wa kafinta, a nemi wanda aikinsa ke nan ko da sai an aika Legas ko an jira wani mai zuwa. Jakin ma haka, na irin bayolin ɗin nan yawanci ba a fere shi yadda ya kamata ba, mai gyara na gari zai zauna da wuƙa ya daidaita ƙafafunsa su kwanta lif a kan fuska.

Sannan izga. Duk mai goge ya san wannan, gashin doki ne a kan gashin doki amma hannu biyu murya biyu. In kana ja kusa da jaki za ka samu kaifi, in ka matso wajen baƙin allon yatsu sai ta yi laushi, in kana dannawa da yatsa maimakon ka bar nauyin hannu ya sauka sai ta yi ƙara kamar ƙofar langa-langa. Masu koyo kusan duka suna dannawa da yawa kuma suna zabga wa izga ƙaro kamar ana biyansu. In ka ga farin gari ya taru a kan tsirkiya da fuskar bayolin to ya yi yawa, kuma wannan garin in ya daskare a tsirkiya shi kansa yana kawo ƙaiƙayi a murya. Goge da busasshen ƙyalle duk in ka gama. Baƙin ƙaro mai laushi yana daɗi da sanyi amma a zafin Afrilu danƙo yake zama, mai haske ya fi mana. Ka ba malaminka bayolin ɗin ya ja kai kuma ka koma ƙarshen ɗaki ka saurara, don abin da ke ƙarƙashin kunnenka daban yake da abin da mutane ke ji, wani lokacin ƙaiƙayin da ke damunka ko taku biyar ba ya kaiwa. In a hannunsa ma tsiwar na nan, to kayan ne.

In kayan sun iso, don Allah kar ka kwance huɗun lokaci ɗaya, jaki zai faɗi kuma turken ciki na iya bin sa, ɗaya bayan ɗaya ake yi. Ka goga bakin fensir a ramukan da tsirkiya ke bi, na jaki da na can sama kusa da kunnuwan ɗauri, don ta riƙa zamewa. Ka duba ramukan kuma, tunda ta nailan ta fi ta ƙarfe kauri, in ramin ya matse ta zai yage naɗin cikin sati, wannan ma aikin mai gyara ne na minti kaɗan. Kana ɗaurewa kana kallon jaki daga gefe don yana son ya riƙa sunkuyawa gaba, sai ka tallabe shi da yatsu biyu-biyu ka mayar a hankali. Kwana biyu ukun farko za ta yi ta sauka, ba lalacewa ba ce miƙewa take, kuma ƙananan sukurorin ƙasa ba za su ishe ka ba, dole ka koyi murɗa kunnuwan sama, waɗanda su ma da hunturu suke sakin jiki su zame.

Hattara da jabu. Ana buga kwalin Dominant da na Evah Pirazzi na ƙarya sosai, in ka ga ana sayar da saiti a kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗinsa to ka san me ke ciki. Ni an taɓa kawo min wata, kwali tsaf, amma zaren launin da ke ƙarshenta ya bambanta da na tsohuwar da na cire, muryar kuwa wayar burki. Gara Pro-Arte ta gaske da Obligato ta ƙarya. Kuma ka sa a lissafi cewa ta nailan ba ta shekara da muryarta, mai kiɗa kullum wata huɗu zuwa shida zai ji ta mutu ko ba ta tsinke ba.

Da ni ne kai ga yadda zan yi. Wannan satin in goge tsirkiyoyin tas, in rage ƙaro, in sa soso a akwati, in ba malam ya ja in saurara daga nesa. Sannan in yi odar Violino ko Karneol matsakaici, in aljihu ya yi nauyi Obligato, in haɗa da Goldbrokat guda biyu don E ce ke fara tsinkewa. In ba su sati biyu cur kafin in yanke hukunci. Tsofaffin na ƙarfen kuma kar ka yar, naɗe su ka sa a aljihun akwati, ranar da A ta tsinke maka ana gobe za ka yi wasa su za su fitar da kai. In ka ɗaura ka ɗauko min muryar G da D a waya, ja dogo a hankali ba yatsa, daga nesa kamar taku uku, zan gaya maka ko turken ne ya rage.